Kulle Mudu a Akwati Ba Ya Gyara Awonsa

A shekarar 2012 wasu masu bincike na Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan, wato Ed Gronenschild da abokan aikinsa, suka buga sakamakon wani gwaji a mujallar PLoS ONE. Gwajin ba ya bukatar dogon bayani. Sun ɗauko hotunan ƙwaƙwalwa guda 30 da aka riga aka ɗauka da na'urar maganaɗisun nan da asibitoci ke kira MRI, suka ba wata manhaja mai suna FreeSurfer ta auna musu girman sassan kowace ƙwaƙwalwa da kaurin ɓawonta. Daga nan suka yi ta maimaita awon, hotunan na nan yadda suke, ba a ƙara musu ko ɗigo ba, ba a kuma rage ba. Kayan aiki kaɗai suka riƙa sauyawa: yau a kwamfutar Mac, gobe a ta HP, yau a kan uwar manhaja ta OSX 10.5, gobe a kan 10.6, sa'an nan suka gwada zubi uku na ita kanta FreeSurfer. Da uwar manhaja ina nufin babbar manhajar da ke riƙe da kwamfuta baki ɗaya, irin su Windows da Linux, wadda duk sauran manhajoji ke zaune a kanta. Da aka jera amsoshin, sai suka ƙi zama ɗaya.

Tsakanin sabon zubin FreeSurfer, mai lamba 5.0.0, da tsofaffin biyu, saɓanin da suka samu a girman sassa ya kai kashi 8.8 cikin 100 a tsakaice, a wani sashen ma har kashi 64. A kaurin ɓawo kuwa kashi 2.8 ne a tsakaice. To, wannan ana iya yi masa uzuri, domin masu manhaja sun sauya dabarun aikinta da gangan, kuma wanda ya sauya hanya bai kamata ya yi mamakin sauka a wani gari ba. Abin da ba shi da uzuri shi ne ɗaya ɓangaren: tsakanin Mac da HP, da kuma tsakanin OSX 10.5 da 10.6, sun samu saɓanin da ya kai kusan rabin wancan. Ƙwaƙwalwa ɗaya ce, hoto ɗaya, manhaja ɗaya, umarni ɗaya. Mai hoton bai tsufa ba tsakanin awon farko da na biyu. Kwamfuta ce kawai ta sauya, sai ƙwaƙwalwar ta sauya girma a kan takarda.

Ƙorafina a wannan rubutu ba a kan samun saɓanin yake ba, domin duk wanda ya san yadda kwamfuta ke lissafi ya san za a same shi. Ƙorafina yana kan yadda masu wannan fanni suka karɓi labarin. Wasu sun ɗaga kafaɗa, suka ce ai ɗan ƙanƙanen abu ne. Wasu kuma, waɗanda suka fi su himma, suka nemo dabarar da za ta sa kowace kwamfuta ta riƙa fitar da amsa iri ɗaya, suka karkaɗe hannu, suka ce an gama. Ina ganin dukansu biyu sun kauce wa abin da saɓanin yake faɗa musu, kuma na biyun sun fi ba ni tsoro, saboda maganinsu yana kama da waraka.

Kafin a shiga gardama, kada mai karatu ya cakuɗa abu biyu. Likitan da ya ɗora hoton ƙwaƙwalwa a allo ya ga ƙari ko zubar jini, da idonsa ya gani, kuma abin da ya gani ba ya gushewa don an sauya kwamfuta. Ba wannan ake magana ba. Ana magana ne a kan alƙaluman da manhaja ke tatsowa daga hoton bayan doguwar sarƙar lissafi. Ita FreeSurfer, wadda Bruce Fischl da Anders Dale da abokansu suka assasa, kuma ake renon ta a cibiyar Martinos ta babban asibitin Massachusetts da ke Boston, takan fara da mayar da hoton wani dunƙule mai ƙwayoyi 256 a tsawo, 256 a faɗi, 256 a tsayi, kowace ƙwaya milimita ɗaya. Sai ta daidaita hasken hoton, ta ɓare ƙoƙon kai ta jefar, ta jera ƙwaƙwalwar da wata taswira ta gama-gari, ta raɗa wa kowace ƙwaya sunan sashen da take ciki, sa'an nan ta zana iyaka biyu, ɗaya a cikin ɓawo ɗaya a wajensa, ta auna tazarar da ke tsakaninsu. Aikin yakan ci sa'o'i masu yawa a kan hoto guda. A lura kuma da cewa kaurin ɓawon ƙwaƙwalwar ɗan Adam bai wuce milimita 2.5 ba a tsakaice, wato ƙwayar hoto biyu da rabi ke nan. Wanda ke neman ya gano raguwar kashi biyu ko uku cikin 100 a abu mai wannan sirantaka, yana neman abin da ya gaza kashi ɗaya cikin goma na ƙwayar hoto guda.

Daga ina saɓanin ke shigowa? Mutane da yawa sun ɗauka kwamfuta ba ta kuskuren lissafi, alhali kuwa kullum cikin datse lamba take. Kowane ɗalibi ya san ba a iya rubuta sulusi cikakke da lambobin da muka saba, sai dai a rubuta 0.333 a gaji a tsaya. Ita kwamfuta da sifili da ɗaya kaɗai take rubutu, don haka ko 0.1 ba ta iya rubutawa cikakke, sai dai ta ajiye abin da ya fi kusa da shi. A tsarin da ake kira ƙaramin ma'auni, kowace lamba tana da gurbi 32 ne, kuma abin da take iya riƙewa da aminci bai wuce lambobi bakwai na lissafinmu ba. A babban ma'auni gurbi 64 ne, ana riƙe kimanin lambobi goma sha shida. Ga misalin da kowa zai iya gwadawa. A ƙaramin ma'auni, idan aka ɗauki 16,777,216 aka ƙara masa 1, amsar da kwamfuta za ta bayar ita ce 16,777,216, domin babu gurbin da za ta sa ɗayan. A sake ƙara 1, har yanzu yana nan inda yake. Amma in aka fara haɗa 1 da 1 suka zama 2, sa'an nan aka ƙara a kan babbar lambar, sai a samu 16,777,218. Lambobin ba su sauya ba, wanda aka fara tarawa ne ya sauya, amsa ta bi shi. Abin ban sha'awa, wannan lamba ta 16,777,216 ita ce daidai adadin ƙwayoyin da ke cikin dunƙulen nan na FreeSurfer, wato 256 sau 256 sau 256. Ban kawo wannan don in ce nan kuskuren yake ba; na kawo shi ne don a ga cewa girman aikin ya riga ya kai bakin iyakar abin da ƙaramin ma'auni ke iya ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya.

Akwai ƙa'idar da ake kira IEEE 754, wadda aka kafa a 1985, ita ce ta tsara yadda za a riƙa datse lambobi. Ta ɗaure tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa tam, ta yadda kowace kwamfuta mai bin ta za ta ba da amsa ɗaya. Sai dai ba ta yi wa lissafin kusurwa da na haɓakar lamba irin wannan ɗauri ba, wato waɗanda masana lissafi ke rubutawa sin da cos da exp. Su waɗannan, manhaja irin FreeSurfer ba ta cika lissafa su da kanta ba. Aro take yi daga wani rumbun lissafi da ke tare da uwar manhaja. Masu kula da rumbun kuwa suna gyara shi shekara bayan shekara, suna ƙara masa daidaito ko sauri. Kowane gyara yana iya taɓa lambar ƙarshe ta amsa, wadda ke can gurbi na bakwai. Ba su yi laifi ba, aikinsu suka inganta.

Mai karatu zai ce: to mene ne abin damuwa a gurbi na bakwai? Tarihi ya amsa wannan tun kafin a zo kan ƙwaƙwalwa. A farkon 1982 kasuwar hannun jari ta Vancouver a Kanada ta buɗe wani ma'aunin farashi a kan 1000. Ana sabunta shi sau dubbai a rana, kuma a kowane sabuntawa ana yanke abin da ya wuce lamba uku bayan ɗigo a zubar. Zuwa Nuwamban 1983 ma'aunin ya gangaro 524.811. Da aka sake lissafi yadda ya kamata, sai ga shi 1098.892. Ba wanda ya saci ko kwabo, ɗan abin da ake zubarwa ne ya taru ya cinye rabin ma'aunin.

A lissafin ƙwaƙwalwa abin ya ma fi taruwa muni, domin akwai wuraren da ƙaramin bambanci ke yanke hukunci. Lokacin da manhaja ke jera hoto da taswira, ba ta san amsar ba tun farko, lalube take yi. Takan ɗan karkata hoton, ta duba ko ya ƙara dacewa, ta sake karkatawa, har sai ta ga ƙarin dacewar ya yi ƙanƙanta, ta tsaya. Wuraren tsayawar kuma suna da yawa, kusa da juna, kowanne yana kama da daidai. Ka ƙaddara ruwan sama ne ya sauka a doron tudu: wanda ya faɗi ɗan hagu kaɗan ya gangara wannan kwari, wanda ya faɗi ɗan dama ya tafi wancan, kuma a ƙasa tazarar da ke tsakaninsu ba ta da alaƙa da ƙanƙantar tazarar da suka fara da ita. Haka nan idan za a raɗa wa ƙwayar hoto suna: in ƙa'ida ta ce abin da ya kai rabi ɓawo ne, to ƙwayar da ta samu 0.4999999 a wannan kwamfuta ta kuma samu 0.5000001 a waccan ta sauya gida ke nan. Mataki na gaba kuwa a kan wannan hukunci zai yi gini, na gaba da shi ya ɗora a kan nasa.

Wannan shi ne abin da Tristan Glatard da abokan aikinsa na Montreal suka bi diddiginsa a 2015, a mujallar Frontiers in Neuroinformatics. Sun gwada manhajoji uku da aka fi dogaro da su, wato FSL ta Oxford, da FreeSurfer, da CIVET ta Montreal, a kan nau'o'in Linux daban-daban. Ba su tsaya ga ƙirga saɓani ba, sun yi wa manhajojin kwanton ɓauna, suna rubuta duk abin da suka nema daga uwar manhaja da amsar da suka samu, har suka kama ɓarawon a hannu: ayyukan lissafi ne na ƙaramin ma'auni da ke cikin rumbun. A gajerun ayyuka, kamar ɓare ƙoƙon kai, bambancin kusan babu shi. A dogaye kuwa ya bayyana. Akwai wani ma'auni da ake kira Dice, wanda ke nuna yadda zane biyu suka hau kan juna, 1 cikakkiyar dacewa, 0 babu ko kaɗan. A zana iyakokin sassan da ke can cikin ƙwaƙwalwa da FSL, yawancin amsoshin sun haura 0.9, amma an samu wanda ya faɗo har 0.59. A wani nau'in nazarin hoton aikin ƙwaƙwalwa kuma, wanda ke bin yadda jini ke kai-komo, sakamako ya saɓa a kashi ɗaya cikin uku na mutanen da aka gwada, kuma tushen saɓanin yana matakin gyara motsin kai.

Yanzu mu zo kan masu ɗaga kafaɗa. Hujjarsu ita ce irin wannan kuskure ba shi da alƙibla, yau ya ƙara gobe ya rage, in aka tara mutum ɗari sai ya cinye kansa. Maganar tana da gaskiya, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ne suke haɗiyewa. Kuskuren yana cinye kansa ne idan marasa lafiya da masu lafiya duk sun bi ta kwamfuta ɗaya. Ka ɗauki ɗalibin digiri na uku da ya auna hotunan marasa lafiyarsa a shekarar farko, aka sabunta kwamfutocin sashensu lokacin hutu ba tare da an gaya masa ba, ya dawo ya auna na masu lafiya. Duk bambancin da ke tsakanin tsohuwar uwar manhaja da sabuwa zai shiga teburinsa da rigar cuta. Haka abin yake ga binciken da ke bin mutum ɗaya shekara da shekaru, irin babban shirin ADNI na Amurka da aka fara a 2004 don bin sawun cutar mantuwa ta Alzheimer: in ba a kula ba, tsufan kwamfuta da tsufan ƙwaƙwalwa a layi ɗaya za su fito. Gronenschild da abokansa sun faɗi haka ƙarara, suka ba da shawarar kada a sauya zubin manhaja ko uwar manhaja ko irin kwamfuta ana tsakiyar bincike, in kuwa an sauya to a sake awon daga farko.

Sa'an nan a dubi girman abin da ake farauta. Akwai wani ɗan sashe da ake kira hifokamfus, wanda ke da hannu a ajiye abin tunawa. Wani nazari na 2009 da ya tattara bincike da dama ya nuna yana raguwa da kashi 4.66 cikin 100 a shekara ga masu cutar Alzheimer, da kashi 1.41 ga tsofaffi masu lafiya. A 2016 gamayyar ENIGMA ta kwatanta mutum 1,728 masu tsananin ciwon damuwa da mutum 7,199 da ba su da shi, ta samu hifokamfus ɗin masu ciwon ya gaza da kashi 1.24. Waɗannan su ne irin alƙaluman da fannin ke rayuwa a kansu. Wanda ke neman bambancin kashi ɗaya ko biyu ba shi da bakin raina kuskuren kashi uku ko huɗu. Ita ENIGMA, don a yi mata adalci, ta kare kanta da tsari: kowace cibiya takan kwatanta marasa lafiyarta da masu lafiyarta a gida, sa'an nan a haɗa sakamakon. Wannan kariya ce da aka gina da gangan, kuma ginata shaida ce cewa haɗarin na gaske ne.

Sai masu akwati. Tun bayan fitowar Docker a 2013, da Singularity bayanta, aka samu hanyar ƙunshe manhaja tare da rumbun lissafinta da duk abin da take jingina da shi cikin ƙunshi ɗaya, a rufe, a aika wa kowa. Wanda ya buɗe shi a Tokyo da wanda ya buɗe a Toronto da rumbu ɗaya za su yi aiki. Masu nazarin ƙwaƙwalwa suka rungumi abin, musamman bayan tsarin BIDS Apps na 2017. Ba na musun amfaninsa ko kaɗan. Ya toshe ƙofar da ɗalibin nan namu ya faɗa, ya kuma sa mai son bincikar aikin wani yana iya maimaita shi. Duk wanda ke aiki ba tare da shi ba a yau yana da tambayar amsawa.

Amma a tsaya a yi tunani a kan abin da akwatin ya yi da abin da bai yi ba. Ƴan kasuwa biyu suna rigima, mudun wannan ya ce buhun tiya kaza ne, na wancan ya ce a'a. Sarkin kasuwa ya zo ya ɗauki mudu ɗaya, ya ce daga yau da wannan kowa zai auna. Rigima ta mutu, ciniki ya ci gaba, kuma wannan alheri ne. Sai dai babu wanda ya ƙaru da sanin ainihin hatsin da ke cikin buhun. A gwajin Glatard, wace uwar manhaja ce ta faɗi gaskiya, tsohuwa ko sabuwa? Babu mai iya nuna ɗaya. Dukansu sun yi lissafi daidai gwargwadon ma'aunin da aka ba su, bambancinsu yana gurbi na bakwai. Idan ɗan wannan bambanci ya isa ya mayar da dacewar zane biyu 0.59, to laifin yana ga dabarar zanen, wadda ke tsaye a doron tudu, iska kaɗan ta kaɗa ta. Akwati ya hana iskar shigowa. Dabarar tana nan a doron tudun, kuma amsar da aka kulle a ciki ɗaya ce daga cikin amsoshi masu yawa da za ta iya bayarwa, an zaɓe ta ne saboda ita ce ta faɗo ranar da aka rufe murfin.

Abin da ya fi damuna shi ne akwatin yana ɓoye alamar ciwon. A da, mai bincike yakan yi tuntuɓe da saɓanin ko bai nema ba, in ya sauya kwamfuta ya ga lamba ta motsa, ya shiga taitayinsa. Yanzu zai maimaita aikin sau goma ya samu lamba ɗaya har gurbin ƙarshe, ya rubuta cewa sakamakonsa tabbatacce ne. Maimaituwa ya samu. Tabbaci wani abu ne daban, kuma kalmar farko tana yawan shiga rigar ta biyu a rubuce-rubucen fannin. Ga shi kuma akwatin ma ba ya rufe komai. Ba ya ƙunshe da injin lissafin kwamfutar, wato guntun ƙarfen da ke aikin a zahiri. Injuna sun bambanta a yadda suke haɗa ninkawa da tarawa, kuma idan aka raba aiki ga injuna da yawa a lokaci guda, jerin tarawa yana iya sauyawa, mun kuwa ga abin da sauyin jeri ke haifarwa. Da kamfanin Apple ya koma amfani da injinsa na M1 a 2020, wani sabon nau'in inji ke nan ya shigo teburin masu bincike.

Abin da ya kamata a yi kishiyar kullewa ne, wato a girgiza lissafin da gangan. Mai awon da ke son sanin amincin mudunsa yakan auna buhu ɗaya sau da dama, ya ga iyakar inda amsa ke kaiwa da komowa. Dabarar yin haka a kwamfuta ba sabuwa ba ce: D. Stott Parker na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya bayyana ta tun 1997, ana kiran ta lissafin Monte Carlo. Ana sa ɗan hargitsi na ganganci a gurbin ƙarshe na lambobi yayin da manhaja ke aiki, a maimaita aikin sau da yawa, a duba lambobi nawa ne na amsar suka tsaya cik, nawa suka yi ta rawa. Gregory Kiar da Glatard da abokansu sun yi haka a 2021 a kan manhajar da ke zana hanyoyin sadarwar ƙwaƙwalwa, suka nuna cewa ɗan hargitsin yana ratsawa har cikin taswirar da sakamakon da ake ɗorawa a kanta. Da wannan dabara, maimakon a ce girman sashe kaza ne, sai a ce yana tsakanin kaza da kaza, kuma a san sassan da awonsu ke da ƙarfi da waɗanda ba a isa a gina magana a kansu ba. Shawarar Glatard ta 2015, cewa a koma babban ma'auni a matakai masu haɗari, ita ma tana kan hanya, ko da yake rage ƙarfin iska ne kawai. Shi ya sa ya haɗa da cewa a sake duba tsayuwar dabarun su kansu.

Na san abin da za a ce: wannan ƙaramar matsala ce idan aka kwatanta da wadda mutane ke haddasawa da hannunsu. Haka ne. A 2020 mujallar Nature ta buga wani gwaji da aka ba ƙungiyoyi 70 hotuna iri ɗaya da tambayoyi tara iri ɗaya. Ba a samu ƙungiya biyu da suka bi hanya ɗaya ba, kuma a biyar daga cikin tambayoyin, tsakanin kashi 21 da 37 cikin 100 na ƙungiyoyin ne suka ce an samu sakamako, sauran suka ce babu. Wannan rami ya fi zurfi. Amma su waɗannan ƙungiyoyi aƙalla ra'ayi suka saɓa, kowacce tana da hujjar da za ta kare zaɓinta. Tsakanin rumbun lissafi na bara da na bana babu ra'ayi, babu hujja, babu wata fahimta ta ƙwaƙwalwa da ɗaya ya fi ɗaya. Saɓani ne tsura, kuma shi ne ya fi sauƙin aunawa, tunda inji ne zai yi wahalar. Wanda ya kasa ɗaukar ƙaramin kaya ba shi da hujjar fakewa da babba.

Ba kuma ina goyon bayan masu cewa a watsar da fannin ba ne. A 2016, da Anders Eklund da Thomas Nichols da Hans Knutsson suka nuna cewa wasu hanyoyin ƙididdiga na iya ba da sakamakon ƙarya har kashi 70 cikin 100, suka kuma gano wani kuskure da ya shekara 15 a cikin wata manhaja, jaridu sun yi ta shelar cewa bincike 40,000 sun rushe, har sai da marubutan suka gyara lafazinsu. Irin wannan ihu yana ba masu ɗaga kafaɗa mafaka, domin da zarar an ƙaryata zuzutawar sai su ce ai dama babu komai.

Saura batun tsada, kuma ƙorafi ne na gaskiya. Aikin da ke cin sa'o'i a kan hoto guda, in aka ce a maimaita shi sau ashirin, ɗalibin da ke da kwamfuta ɗaya tak ya shiga uku, ko a Boston yake ko a Yamai. Don haka bai kamata nauyin ya hau kansa ba. Masu manhajar ne ya kamata su ɗauka, su da ke da manyan injuna da kuɗin tallafi. Duk sabon zubin da za su saki, su girgiza shi a kan tarin hotunan da kowa ke iya samu, su fitar da tebur tare da shi: ga sassan da awonsu ya tsaya, ga waɗanda ke rawa, ga iyakar rawar. Aiki ne na sau ɗaya da dubban masu amfani za su ci moriyarsa. Kamfanin da ke ƙera sikeli yakan rubuta a jikinsa iyakar kuskurensa, ba ya barin mai shago ya gano da kansa.

Editocin mujallu kuma suna da nasu rabon. Kwamitin COBIDAS na ƙungiyar masu taswirar ƙwaƙwalwa ya riga ya fitar da jagora a 2016 kan abin da ya kamata mai bincike ya bayyana game da hanyar aikinsa, amma jagora ba ta cizo sai edita ya ba ta haƙora. Rubuta sunan manhaja kaɗai bai isa ba. A faɗi zubinta, da uwar manhajar da ta zauna a kai, da irin injin, da kuma ko duk hotunan ta hanya ɗaya suka bi. Idan marubuci ya kawo tebur ya rubuta cewa kaurin wani yanki milimita 2.473 ne ga marasa lafiya, 2.511 ga masu lafiya, edita ya mayar masa da takardarsa da tambaya ɗaya: cikin lambobi huɗun nan, nawa ne suka rage a wurinsu da aka gudanar da aikin a wata kwamfutar?